Warin Takalmin da Kaka Ta Bari a Tsohuwar Unguwa

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Larabar da ta wuce, muna tsakar gida mu uku: ni, da autata, da maƙwabciyata da ta shigo taya mu haɗa kaya, domin za mu tashi zuwa wani gida a hanyar Zango. Na juya sai na ga yarinyar ta buɗe bakin buhu tana watsa takalma kamar mai zuba gawayi, na babanta a ƙasa, silifas ɗin bayi a sama. Na ce ta zazzage. Da ta zazzage, wani tsohon takalmin fata ya faɗo kusa da ƙafata, ƙamshin fata da man gyaɗa ya bugi hancina, ya tuna mini da wani takalmin na gidanmu na dā. Na jawo kujera na zauna. Abin da na gaya musu a ranar shi zan gaya maka, mai karatu, bi da bi, yadda ya faru.

An haife ni a cikin garin Daura, a wani lungu da ba shi da nisa da rijiyar Kusugu. Gidan gado ne, mai zaure da sassa da yawa. A gidan nan ba sai ka tambaya waye yake nan ba, ƙofofi za ka duba. Idan takalmin fade na Babanmu yana bakin zaure, kowa ya rage murya. Idan takalmin danko na Kaka ba ya ƙofarta, ta tafi barka ko gaisuwa. Idan takalmi ya kife, duk yaron da ya fara gani shi zai gyara, ko na waye. Da haka muka tashi.

Babban wanmu, wanda muke ce wa Yaya, shi ne ɗan fari. Saboda haka Innarmu ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta kuma sa baki a lamarinsa. Kaka, mahaifiyar Babanmu, ita ta yaye shi, a ɗakinta ya girma. Da ya tasa sai ya shiga bin masu kiɗan biki, shi ne mai haɗa musu lasifika da janareto. Hannunsa yana da kyau a kan waya, ko rediyon da ya mutu ka ba shi sai ya yi magana.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya ɗauki wa'azi, wuraren kiɗa suka fara rufewa, mutane suka fara duban sana'ar juna. Babanmu hatsi yake sayarwa a kasuwa, kuma ba ya rasa sahun farko a masallaci. Ba ya son a nuna gidansa da baki. Ya yi wa Yaya magana, ya sake yi. Rannan bayan Azahar, muna ji daga cikin gida, ya ce masa, "Muddin kana wannan sana'a, kada in ƙara ganin takalminka a ƙofata."

Yaya ya juya. Ya fita da silifas ɗin da ke ƙafarsa. Daga baya wani ya ce ya gan shi a Kano, wani ya ce Damagaram. Lokacin babu wayar hannu a gidanmu. Abin da ya bari shi ne takalminsa na Sallah, sau-ciki na jar fata, wanda Kaka ta sa wani tsohon baduku na bakin lungunmu ya ɗinka masa. Yana ƙarƙashin gadon Kaka. Wata safiya na shiga ɗakin ɗaukar tsintsiya, Kaka tana bayi, sai na tarar da Innarmu a durƙushe tana shafa wa takalmin man gyaɗa da tsumma. Ta dube ni, na dube ta. Na ɗauki tsintsiyata na fita. Har yau ba mu taɓa yin maganar ba.

Damina biyu ta wuce. Aka raba gado, aka sayar da gidan ga wani baƙo, Babanmu ya gina nasa a bayan gari, wajen hanyar Katsina. Aka sa ranar tashi a ƙarshen bazara, lokacin da zafi ke hana zama a ɗaki, hadari na haɗuwa yana watsewa. Kaka ta raba aiki. Yayyena mata suka ɗauki kwanuka da tukwane, maza suka ɗauki gadaje. Ni, da ban wuce shekara goma ba, ta ce, "Ke uwar tsari, takalma naki ne."

Ga yadda ta koya mini. Da farko a tattaro su duka wuri ɗaya, a leƙa ƙarƙashin kowane gado da bayan kowace randa. Sannan a wanke na roba, a goge na fata, domin ba a kai ƙasar tsohon gida sabon gida. Sannan a shanya, amma na fata a inuwa. Idan sun bushe a haɗa kowanne da ɗan'uwansa, tafi da tafi, a ɗaure da ƙyalle. Wajen zubawa a buhu, na bayi ba ya shiga, ledarsa daban. Na yara a ƙasa, na mata a tsakiya, na maigida a sama, domin takalmin ɗa ba ya hawa kan na ubansa. Buhun kuma ba ya kusantar kayan abinci, ba ya kusantar littattafai.

Na jera su a gindin bango, daga babba zuwa ƙarami. Na Yaya na sa shi a muhallinsa, bayan na Innarmu, gaban na sauran yara, domin nan ne wurinsa a lissafi. Ina cikin ɗauri Babanmu ya shigo duba kaya. Ya bi layin da ido har ya kai kan jar fatar nan. Ya tsaya.

"Wannan fa?"

Na ce, "Na Yaya ne, Baba."

Ya ce, "Na masu tafiya za ki ɗaure. Wannan a bar shi nan."

Innarmu tana bakin murhu tana naɗe tabarma. Ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya. Ko a wannan shekarun na gane abin da ake yankewa. Sanin hanya ba shi ne matsala ba, kowa a unguwa zai iya nuna wa Yaya sabon gida. Abin da ba wanda zai iya gaya masa shi ne ko yana da wuri a cikinsa. Idan ya dawo ya tarar an tashi, an bar takalminsa a juji tare da fasassun kasake, ya sami amsa, kuma Yayan da na sani ba zai ƙara tambaya ba.

Kaka ba ta musa wa ɗanta a gaban 'ya'yansa. Ta bari har ya fita wajen masu amalanke. Sannan ta yafa mayafinta, ta ce, "Ɗauko ki biyo ni." A zaure ta karɓi wari ɗaya, na dama, ta cusa a cikin ƙullin kayanta. Na hagu ta bar shi a hannuna.

Muka sami tsohon badukun a gindin dalbejiyarsa, yana huda fata da basilla. Shi da Kaka tare suka yi ƙuruciya, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Ya ce, "A'a, su mutanen bayan gari. An zo bankwana da talakawa ke nan?"

Ta ce, "Ajiya na kawo maka, in ba za ka sayar ka ci goro ba."

Ya karɓi takalmin, ya juya shi, ya gane ɗinkinsa. "Wari ɗaya? Wa zai saya, sai mai ƙafa ɗaya."

"Shi ya sa na yarda da kai," in ji Kaka. Sannan ta rage murya. "Duk ranar da yaron nan ya biyo ta lungun nan, zai tsaya wurinka kafin ya tsaya wurin kowa. Ka ba shi. Ka ce ɗan'uwan yana ƙofata, ni kuma na tsufa da ajiyar kayan mutane."

Tsohon ya rataye shi a ƙusa, sama da kansa. Ya ce, "Allah Ya sa muna da rai."

A sabon gida komai ƙamshin siminti yake, babu inuwa sai wata 'yar bishiyar mangwaro da Babanmu ya dasa ya kewaye da ƙaya. Na kwance buhuna, na kai wa kowa nasa ƙofarsa. Kaka ta fito da warin nan ta ajiye a bakin ƙofarta, gefen nata na danko, a fili. Kowace safiya Babanmu yana zuwa gaishe ta, kuma sai ya cire nasa a daidai wurin. Mun zuba ido mu ga ranar da zai ce a ɗauke. Bai ce ba. Aka yi shuka, gero ya kai gwiwa. Wata safiya ina shara na ji ya ce, a hankali, kamar mai tambayar farashin gishiri, "Iya, ina ɗayan?"

Ta ce, "Yana hanya."

Ya sa takalminsa ya tafi kasuwa.

Ba mu ji labarin Yaya ba sai da gero ya fara fitar da kai. Ranar wata Alhamis, Babanmu ya tafi sallar La'asar, gabas ta yi baƙi, iska tana ɗaga ledoji. Na leƙa zaure zan shigo da akuya, sai na ga mutum a tsaye a waje, ya rame, ya yi duhu, da baƙar leda a hannu. Ya riga ya cire silifas ɗinsa tun daga waje, yana tsaye a ƙasa ba takalmi.

Ya ce, "Uwar tsari, kin yi tsawo."

Ya miƙo mini ledar, warin takalmin nan yana ciki. Na ruga na gaya wa Kaka. Ba ta tashi daga kan buzunta ba. Ta ce, "Ki haɗa su, ki ajiye a ƙofar zaure, inda mai shigowa zai gani. Shi kuma ya shigo nan."

Na haɗa su. Ba su zama kala ɗaya ba. Na wurin baduku ya sha rana ya koɗe, namu kuwa ya yi duhu yana sheƙi, domin mai shafa masa mai ba ta fasa ba. Yaya ya wuce ɗakin Kaka. Innarmu ta shige madafa, na ji tana ƙara ruwa a tukunyar tuwo alhali an riga an auna.

Ruwa ya fara sauka da manyan ɗigo lokacin da Babanmu ya karyo kwana. Ina laɓe a bayan ƙyauren zaure. Ya zo ƙofa, ya tsaya. Ruwa na dukan hularsa, yana kallon ƙasa. Ya daɗe. Sannan ya sunkuya, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauki takalmin kowa ba sai na mahaifiyarsa, ya ɗauki duka biyun da hannu ɗaya, ya shigo da su zaure, ya ajiye gefen inda yake ajiye nasa. Ya gan ni.

Ya ce, "Ke da aka ba takalma, ba ki san ba a barin fata a ruwa ba?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya kakkaɓe rigarsa. "Ki ce masa buta tana nan. Magariba tare za mu tafi."

Kada ka ɗauka komai ya gyaru a yinin. Sun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa su. Yaya ya kafa tebur a bakin kasuwa yana gyaran rediyo. Ranar da lasifikar masallacin unguwa ta lalace, Babanmu da kansa ya ce wa liman, "Akwai yaro a gidana." Washegari da Asuba muryar ladan ta kai har hanyar Katsina. Takalmin kuwa Yaya ya sa shi zuwa Juma'a, ɗaya ja ɗaya baƙi-baƙi, Kaka tana ce masa angon kala biyu.

Kaka ta rasu, tsohon badukun ma haka, an sare dalbejiyarsa an yi shagon cajin waya. Yanzu kowa da waya a aljihu, kuma na ga gidajen da ɗa da uba suke da lambar juna shekara da shekaru ba wanda ya danna. Takalma kuwa sun zama na roba, idan za a tashi a share su a zubar. Amma autata ta sake jera namu a ranar Larabar nan, tafi da tafi, na babanta a sama, kuma sai da ta tambaye ni ko akwai wanda ba ya nan da za a ɗaure nasa.

Saboda haka ga roƙona gare ka. Ranar da za ka tashi daga gida, kada ka bar wa gaggawa aikin takalma. Ka jera su, ka dubi layin da kyau. In akwai na wanda ya yi fushi ya tafi, ka goge shi, ka tafi da shi, sannan ka nemi wanda zai gaya masa cewa yana ƙofarka.