Ladanin da Aka Ƙwace wa Lasifika Saboda Kwalbar Fitsari

Alhaji Hudu, kai ka ɓata wa Baba Osumanu suna, kuma ka san ka yi. Ni Goggo Nasiba ban yi boko ba, amma ba a yi mini rufa-ido.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Osumanu ɗan zangon Kumasi ne, ya tsufa a birnin Greensboro na Amurka yana aikin da kowa ke toshe wa hanci. Shi ake aikawa filin wasan ƙwallon besbol ya karɓi fitsarin 'yan wasa a kai gwaji, a ga ko sun sha ƙwaya. Kullum yakan fito daga ɗakin hayarsa na titin Gate City da jaka biyu, ɗaya ta kwalabe da safar hannu, ɗaya ta kayan salla, don ba ya fuskantar alƙibla da rigar aiki. Doka ce sai an yi fitsarin a gaban idonsa. Samari su ce, "Ga mai gadin bayi nan!" Shi kuwa ya ce, "To a hanzarta, mai gadi ƙafa ta gaji." Da asuba kuma, muryarsa ce ke kiran salla a masallacinmu.

Wata shekara gwaji ya faɗo cikin azumi a kan Uzairu, ɗan Alhaji Hudu, mai jifan ƙwallo. Ya wuni a rana, ko ɗigo babu a mara, kuma wanda ya kasa bayarwa kamar ya ƙi ne. Masu horarwa suka ce ya sha ruwa mana. Baba ya ce, "Ba zai karya azumi don kwalbata ba." Ya zauna da shi har rana ta faɗi, ya raba dabinonsa biyu. Gwaji ya fito fes. Alhaji da bakinsa ya yi ta yabo har muka gaji da ji.

Daga baya kafaɗar Uzairu ta yi rauni, ya fara ƙwaya don kada a ajiye shi. Ranar da ya hango Baba da jaka, ya kira ubansa. Alhaji ya taho a guje daga unguwar Sedgefield da fitsarin ƙanen Uzairu, an cusa kwalbar cikin safa kada ta huce.

"Osumanu, ɗanka ne fa. A rufa asiri."

"Don ɗana ne ba zan karɓa ba, Alhaji. Asirin da ka rufa yau, likkafani zai ƙarasa rufewa."

Gwaji ya nuna ƙwaya, aka dakatar da Uzairu, aka kai shi magani. Yau yana nan da ransa, har da 'yarsa. Shi ya ba ni labarin nan yana cin wake da shinkafa a kicin ɗina, da gurguwar Hausarsa: "Goggo, da Baba ya karɓi kwalbar nan, da na mutu."

Sakayyar da Alhaji ya yi wa Baba? Ya miƙe a masallaci ya ce mai taɓa najasa bai cancanci kiran salla ba. Manya suka sunkuyar da kai, aka karɓe lasifika. Ga shi Baba ya yi ritaya, yana salla a sahun ƙarshe, bai taɓa faɗin dalili ba don kada ya tona yaro.

Kai ne, Baba Osumanu, bangon da ba ya faɗuwa da rarrashi. Ni na binne ɗana Garzali saboda ƙwaya. Da ya samu wanda ya ce masa a'a irin taka, da yana nan. Mun gode, Allah ya saka. Samari, in za ku riƙe amana, ku riƙe ta haka.

Kai kuma Alhaji, Uzairu ya ce in faɗa da sunansa. Ranar Juma'a ina bayan labulen mata. Ka miƙe inda ka miƙe da, ka gaya wa jama'a: wa ya ɗauko najasa a safa, kai ko shi?