Harsashin da Ya Maƙale a Bindigar Baba

Warin man keken ɗinki ne ya kamo ni a garin Xintang na ƙasar Sin, ranar da ɗana ya kai ni inda ake ɗinka masa wandunan jins. Ina shaƙa, sai ga Baba, surukina, a idona.

Da wannan man yake gyara tsohuwar bindigarsa, mai ƙananan harsasai, mai ƙarfen da ake ja baya kamar sakatar ƙofa. Kullum yakan ce, "Kada ki yarda da bindiga sai kin ga cikinta."

Wata damina birai suka addabi gyaɗarmu. Ya ciro bindigar, ashe tsatsa ta kame sakatar, da harsashi a ciki. Babu wani namiji a gidan sai shi, ga kuma tsufa. Ya cika turmi da yashi, ya cusa bakinta a ciki, ya ce, "'Yar nan, riƙe min gindinta, kada ki motsa."

Ni kuwa ina da tsohon ciki. Yana ɗiga mai, yana ƙwanƙwasawa a hankali, yaron yana harbi a cikina. Ko salati na kasa.

Can sakatar ta buɗe, harsashin ya faɗo, duk ya yi kore. Sai a lokacin na lura, tun farko ya gitta ƙirjinsa tsakanin ƙarfen da cikina.

"Hajiya, lafiya?" in ji ɗana, wanda ke cikina a wancan lokacin. Na dube shi, gemunsa har da furfura.

Baba, yadda ka tare mana, Allah Ya sa rahamarSa ta tare maka wuta.