Ranar da Inna ta ba ni tsala

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan ba a shafin nan, har wani ya kira ya ji ko ina raye. Ina nan daram. Tsohon ɗalibina ne ya turo min sakamakon gwajinsa, an ce kitse ya yi yawa a jininsa, ya tsorata. Na ce bari in ba ku labarina kowa ya ji.

A shekarun casa'in ina koyarwa a Kalgo, mahaifiyata kuma, Inna, tana Dalijan ta ƙasar Gwandu da shanunmu. A gidanmu man shanu shi ne ƙauna. Wanda ake so, shi ake malala wa mai a tuwo har ya kwanta a gefen akushi. Ni ne ɗan fari, tun da mahaifinmu, Baffa, ya faɗi a gona bai tashi ba, duk kason mansa ya dawo kaina.

Na yi tumbi, ina taƙama da shi. Ga tsire duk yamma, kuma sai na ce a zaɓo min mai kitse.

Sai na fara jin ƙirjina na ɗaurewa in na taka keke. Wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa suka fito min a fatar ido. Matata Hajo ta matsa, muka tafi asibiti a Birnin Kebbi.

Aka ce in dawo da safe ban karya ba. Aka ɗebi jini aka aika Sakkwato, don a lokacin ba a wannan gwajin a kusa. Rago guda na sayar kafin a gama.

Likitan ya dubi takarda, ya dubi cikina. Ya ce, "Malam, ka san yadda mai ke daskarewa a ƙwarya? Haka yake yi a jijiyoyinka. In ya toshe hanyar zuciya, shi ke nan." Ya tambayi yadda mahaifina ya rasu. Na faɗa masa.

Wallahi na ji tsoro. Yarana ƙanana ne a lokacin.

Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce amma babban maganin yana tukunya. Ban da man shanu, ban da kitse da kayan ciki. In riƙe wake, zogale, rama, kuɓewa, gauta, da geron da ba a surfe sosai ba. Kifi a gasa, kada a soya. Nono kuwa sai tsala, wato wanda aka kaɗe aka cire masa mai.

Hajo ta ɗaura ɗamara. Yau kwaɗon zogale, gobe dafaffen wake, jibi faten rama. Abokaina suka sa min suna Akuyar Kalgo. Mai tsire ya tare ni a hanya ya ce, "Malam, mi na yi maka?"

Duk wannan mai sauƙi ne. Dalijan ce matsalar.

A wurinmu ba a ba mutumin kirki tsala, abin kunya ne. Mayar wa uwa da akushi kuwa ya fi haka muni. Da muka je gaisuwa ni da Hajo, Inna ta ga wuyan rigata ya yi min yawa, sai ta juya kan Hajo.

"Ke ɗiyar nan, haka munka ba ki shi? Yunwa kika kashe min ɗa da ita?"

Ta shiga ɗaki ta fito da tuwo yana iyo a cikin mai. Na zauna ina kallonsa. In ci, in bi Baffa. In ƙi, in karya zuciyar tsohuwa.

Na ce, "Inna, likita ya hana."

"Likita shi ya haihe ka?"

Hajo ce ta cece ni. Ta durƙusa ta ce, "Inna, dubi idonai da kyau." Inna ta kamo fuskata ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana kallon ɗigon nan.

"Irin na Baffanku ne," in ji ta. "Ni ce nike hwaɗa mai alamar hutu ce."

Ta ɗauke akushin da kanta. Can sai ga ta da ƙwaryarta ta baƙi, wadda ba ta saukewa sai ranar salla, cike da tsala. Ta dire a gabana ta ce, "Sha. Na ba ubanka mai har ya tahi ya bar ni. Kai tsala za ka sha, don kai nika so ka kai ni kushewa."

Na sha ina hawaye, Hajo na dariya tana kuka.

Daga ranar Inna ta zama 'yar sandan cikina. Ta dasa zogale a bayan ɗaki. Duk wanda ya miƙo min nama mai kitse a wurin suna, sai ya ji ta bakinta. Da aka sake gwaji, likita ya ce kitsen ya sauka sosai, ya miƙo min hannu. Na koma taka keke daga Kalgo har Diggi ba haki.

Shawarata: ku je a gwada jininku ko ba kwa jin ciwo, musamman in wani naku ya taɓa faɗuwa haka kwatsam. Ku sha maganin da likita ya ba ku, kada ku ajiye shi don kun fara cin ganye. Ku yi tafiya a ƙasa. Kuma ku yi wa mai dafa muku abinci bayani da kyau, don tukunya a hannunta take.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajo da likitan nan.

Inna ta rayu har ta goyi 'ya'yan jikokinta. Da lokacinta ya yi, ni na shiga kabari na karɓe ta, kamar yadda ta roƙa. Allah ya jiƙanta. Ƙwaryar tana wurina, kuma har yau da ita nake shan tsala.