Tsohon da Ya Warware Rawaninsa

A tashar motar Jalandhar, a ƙasar Indiya, ana dukan wani ɗan sane. Sanduna na sauka a kansa, wani ya yanke shi a cinya da fasasshiyar kwalba, jini na tsartuwa. Gurmeet mai sayar da gwaiba tana kallo daga bayan tirenta.

Sai ga wani tsoho yana ratsa taron, farin gemu har ƙirji, awarwaron ƙarfe a hannu. Ba ta san shi ba. Tafukansa duk kanta. Ta ce a ranta, wannan ya daɗe yana wanke tukwanen abincin sadaka a gurdwara, ɗakin ibadarsu, don Ubangiji kaɗai. Sanda ta same shi a kafaɗa, ko waige bai yi ba. Ya durƙusa cikin jinin yana warware rawaninsa, furfurarsa na zubowa a bainar jama'a, abin da a addininsu babban abin kunya ne. Masu duka suka yi cirko-cirko.

"Baba ji, rawaninka?" in ji wani direba. "Ɓarawo ne fa."

Tsohon yana ɗaure cinyar tamau da rawanin, bai ɗago ba.

"Jininsa bai saci komai ba, ɗana. Yar da sandar, zo ka danne min nan."