Idon Yaya Sani da Labarin da Ya Zo a Makare

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani tela na Fagge, Allah Ya jiƙansa. Na tsufa, kuma mai yiwuwa ne wasu abubuwan sun cakuɗe mini, don haka a karanta wannan da uzuri.

A shekarun saba'in, da kuɗin mai suka shigo gari, kowa so yake a ɗinka masa babbar riga. Shagon Yaya ba ya rabo da shadda, keken ɗinkinsa ba ya hutawa. A daidai lokacin ne idonsa ya fara ja da baya. Da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe da buta. Innarmu ta ce dundumi ne, ta dage da gasa masa hanta, amma ba a ga sauƙi ba. Daga baya ganin ya fara tsukewa ta gefe: yana iya zura zare a allura, amma ba ya ganin mai keken da ke zuwa ta damansa.

Ni kuwa na gama jami'a ke nan, na karanta kimiyyar sinadaran jiki. Na kai shi wani asibitin ido a Sabon Gari. Likita ya haska, ya ce gaban idon garau yake, matsalar tana can baya, a shimfiɗar jijiyoyin da ke karɓar haske, wadda suke kira ratina. Ƙwayoyinta ne ke mutuwa a hankali, ciwon gado ne, kuma ba su da magani.

Inna ba ta karɓi wannan ba. Aka kawo mata labarin wani mai maganin gargajiya da ke soka tsinke a ido ya ture yanar da ta rufe shi, mutum ya tashi yana gani. Wata safiya na shigo na tarar an shimfiɗa tabarma a zaure, mutumin ya buɗe jakarsa, Yaya na zaune ya cire hula. Na san babu yanar da za a ture, ɗan ganin da yake ci da iyalinsa da shi ne za a taɓa.

Na fara kame-kame, kamar yadda na saba, ina cewa wataƙila a dakata, mai yiwuwa akwai haɗari.

Yaya ya ce, "Kai Malam Wataƙila! Shi ya zo da tsinkensa. Kai da digirinka me ka zo da shi?"

Na ce, "Ban zo da komai ba, Yaya."

"To ka rantse ba yana ba ce."

Ni mutum ne mai tsoron rantsuwa, ko a kan abin da na gani da idona. Inna tana kallona, mai tsinke yana kallona. Na ce, "Wallahi ba yana ba ce." Yaya ya lalubo hularsa ya sa, ya fita, ba a taɓa idon ba. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Amma ya ci gaba da ɗinki ta wannan 'yar kafar gani har yaransa suka tasa, kafin duhu ya rufe gaba ɗaya.

Yanzu ina karanta cewa masu bincike sun mai da hankali kan wasu ƙananan sinadarai da jijiyoyi ke ƙerawa don aika wa juna saƙo, ana kiransu niyurofeftayid. Wasunsu, bisa abin da na fahimta, suna rage kumburi a ratina, suna kuma hana ƙwayoyin da suka jigata saurin mutuwa. Ba sa dawo da wadda ta mutu, gadin ragowar suke yi. Dole in yi taka-tsantsan: yawancin gwajin a kan dabbobi ne, sinadaran suna saurin lalacewa a jiki, kai su bayan ido ma aiki ne. Kada wani ya karanta wannan ya tafi kemis nema.

Me Yaya zai ce da ya ji? Ina jin zai yi dariya ya ce har yanzu wataƙilar ce. Amma shi tela ne, ya san darajar riƙe bakin yadi kada ya ci gaba da zarewa. Ina zaton zai saurara.

Abin da ya bari ba rigunan kaɗai ba ne. Jikansa, ɗan 'yarsa, ya fara laluben bango da magariba. Likitansa yana so ya san wa da wa suka yi wannan ciwo a danginmu na wajen uwa. Ina tuna wani kawunmu a Rijiyar Lemo da ake ja masa sanda, amma ban sani ba ko ciwon ɗaya ne. Duk wanda ya san gidanmu a wancan zamani, ya ga na yi kuskure ko na manta wani, don Allah ya aiko ta hannun editan wannan shafi. Yaron yana gani tukuna.