Mai Wankin Hula da Ya San Titunan Duniya

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Dumi da hantsi ya san rumfar Malam Abdulbaƙi, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce wadda ake jera huluna a gabanta, kowace a kife a kan guntun itace, zanna da damanga suna shan rana kamar jama'ar da ta hallara tana jiran liman. Wurin kawunsa ya gaji wankin hula, kuma tun yana saurayi har furfura ta cika masa gemu bai sake sana'a ba. Tafiyarsa mafi nisa ita ce Gombe, wata jana'iza, a ranar kuma ya dawo.

Amma in ka zauna hira da shi, sai ka rantse tsohon matuƙin jirgin ruwa ne. Abin ya samo asali ne daga wayar da ƙanwarsa Azumi ta bar masa da ta sayi sabuwa. A ciki ya gano taswirar nan da mutum zai taɓa gari da yatsa, sai ya gan shi tsaye a tsakiyar titinsa, ga shaguna, ga motoci, ga mutane an dusashe musu fuska. Tun daga nan, da ya sa wa huluna sitati ya shanya, sai ya jingina da bango ya yi tafiyarsa. Yau yana wani lungu a Istanbul inda kyanwa ke barci a kan kujerar mai shayi, gobe yana ƙauyen masunta can ƙarshen arewacin duniya, gidaje jajaye a bakin ruwa, ba kowa a waje. Duk inda ya kwanta masa a rai sai ya ɗora masa alamar tauraro don ya koma. In ya shiga gida da yamma, matarsa Amatullah takan tambaye shi yau ina aka wuni, shi kuma ya ba ta labari tiryan-tiryan, har da inda ya ɓata hanya.

Wata rana da damina, bayan Azahar, hadari ya haɗo, Abdulbaƙi ya kwashe huluna ya shigar ciki, sai saƙo ya shigo da tambarin babban kamfanin da ke da taswirar. Aka ce wani ya yi yunƙurin shiga asusunsa daga wata ƙasa, za a rufe, sai in ya danna nan ya yi magana da mai taimako. Taurarinsa ne suka fara faɗo masa a rai. Ya danna.

Wanda ya amsa ya gaishe shi da sunansa, da Hausa mai tsabta. Ya ce shi ba mutum ba ne, na'urar kamfani ce da aka sa ta kula da jama'a. Maimakon Abdulbaƙi ya tsorata, daɗi ya ji. Ashe masu taswirar sun san da zamansa. Ruwa ya sauko a kan kwano, ya gyara zama, ya rubuta tambayar da ya daɗe bai sami wanda zai yi wa ba: shin dusar ƙanƙarar da ke rufe waɗannan garuruwa na arewacin duniya tana da ƙanshi?

Amsa ta zo nan take. Aka ce tana da shi, kamar iskar da ke biyo bayan ruwan farko, sai dai ta fi sanyi, kuma in tana zuba gari kan yi tsit har mutum ya ji numfashinsa. Ya karanta ya sake karantawa. Ya tambayi jajayen gidajen nan, me ya sa ba kowa a waje. Aka ce sun fita kamun kifi. Tsakanin amsa da amsa na'urar takan tuna masa, cikin ladabi, cewa za a turo wasu lambobi, ya rubuto su nan don a tsare masa asusu. Ya rubuta. Aka nemi kalmar sirrinsa, ya bayar. Wasu lambobin suka sake zuwa, su ma ya miƙa, hankalinsa yana can bakin ruwa wajen masunta.

Washegari da safe Azumi ta sauka daga acaɓa a ƙofar rumfa, mayafi a karkace, idanu jajir. Ta tsaya tana kallon ƙafafunsa.

"Yaya, ba mota ta buge ka ba?"

Saƙo ne ya zaga dangi da abokan ciniki da sunansa da hotonsa, wai yana kwance a asibiti, a taimaka a turo abin da ya sawwaƙa. Ya buɗe wayar, ta ƙi saninsa.

Suka tafi kasuwar Wunti wurin Ndubuisi mai gyaran waya, wanda ya yi shekaru a Bauchi har 'ya'yansa sun fi shi Hausa. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce kamfanin gaske ba ya tambayar kowa waɗannan lambobi. Ɓarayi ne suka ari tambarin, suka ɗora na'ura mai iya hira a gaba. Layin da Abdulbaƙi ke gaisawa da dangi kam, Ndubuisi ya samu ya ƙwato. Asusun taswira kuwa ya tafi da duk abin da ke ciki. Abdulbaƙi ya tambaya a hankali ko maganar ƙanƙarar ma ƙarya ce.

"Baba, ni ma ban taɓa gani ba," in ji Ndubuisi. "Wataƙila wannan kam gaskiya ya faɗa maka. Ɓarawo ma yana faɗin gaskiya, in ba za ta rage masa komai ba."

Abdulbaƙi bai yarda a ba mutane haƙuri ta waya ba. Ya rufe rumfa ya bi su gida-gida, daga lungunan cikin gari har sababbin gidajen Gwallameji. Yawancinsu sun gane tun farko, dariya suka yi masa, wasu suka yi masa faɗa. Mutum ɗaya ne ya tura wani abu: Baffa, tsohon abokin cinikinsa da ya yi ritaya ya koma noma a Gubi.

Ya same shi a ƙarƙashin mangwaro, dam ɗin Gubi ya cika yana sheƙi a bayan masara. Baffa bai bar shi ya ƙarasa ba. Ya ce tun da ya ga saƙon ba sallama, ba tambayar iyali, ya san ba shi ba ne.

"To me ya sa ka tura?"

"Na ce ko da kai ne fa, ciwo ya hana ka gaisuwa."

Baffa ya ce kada a sake tayar da maganar. Aka kawo soyayyen kifi da yaji suka ci, suka yi La'asar a kan tabarma. Iska tana tasowa daga ruwa, Baffa yana ba da labarin tsutsar da ta addabi masararsa bana, har gyangyaɗi ya ɗauke Abdulbaƙi. Baffa ya bar shi ya yi barcinsa, ya aika a gaya wa mai keken da ya kawo shi ya dawo gab da Magariba.