Ɗakin Karatun Laminu da Bidunan Ɗana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Laminu, Allah ya jiƙan shi. Mutane sun san shi da farfesa, shugaban jami'a. Ni kuwa da goyo na san shi, a gidanmu na Madarounfa.

Karatuna bai yi nisa ba, amma na riƙe abin da ya gaya mini game da aikinsa. Ya ce cikin kowace salula akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da ke buɗe wa wuta hanya ko ya rufe, kuma asalinsa yashi ne. Na ce, to mu da yashi ya cika wa ƙofar gida, me ya hana mu arziki? Ya yi dariya har da tari.

Da ya bar shugabanci, ɗaki guda ya gina a bayan gida, ya sa panno mai ba da wuta daga hasken rana bisa rufi, ya kafa allo a bango, ya tara yaran unguwa yana nuna musu wayoyi da ƙananan fitilu. Da zai cika, hannuna ya danƙa wa makulli.

Yau ɗakin nan bidunan isansi, wato jarkokin man fetur, ne cikinsa har rufi. Ɗana Nasiru ke kawo su daga Ɗan Issa, bakin iyaka, yana sayarwa. Ban hana ba, don da su muke cin tuwo. Ko Laminu zai yi faɗa in ya gani? Ba na zato. Shiru zai yi, ya cire tabarau yana gogewa, kuma shirun nan nake jin nauyi.

Satin da ya wuce Dakta Rakiya, tsohuwar ɗalibarsa, ta kira ni. Ita da sauran ɗalibansa za su zo su yi masa addu'a, su ga ɗakin. Nasiru ya ce, "Inna, mu kwashe kwana biyu mu share, in sun tafi mu mayar." Na ce kwashewa dai za a yi, amma babu mayarwa. Ya tambaye ni me za mu ci.

Na kira Rakiya na gaya mata gaskiya. Na lura abin da Laminu ya bari hannun ɗiyan mutane ya rayu, wanda ya bari hannuna ne ke warin mai. Ta ce, "Mama, allon bangon yana nan?" Na ce yana nan, bayan biduna. Ta ce to, za su zo da alli.